Kaurin Baƙin Mai ga Motar da ke Ƙarƙashin Garanti: Tambayoyi da Amsoshi

Wanda ya sayi sabuwar mota, ko wadda wa'adin garantinta bai ƙare ba, ba ya daɗewa sai ya fara jin shawarwari masu karo da juna a kan baƙin man da zai zuba mata. Littafin motar ya faɗi lamba guda, bakanike ya ce wannan man ya cika ruwa-ruwa, wani da ya daɗe yana tuƙi kuma ya rantse cewa inji ba ya ƙarko sai da mai mai kauri. Tambayoyin da ke ƙasa su ne waɗanda masu irin waɗannan motoci suka fi maimaitawa, an jero su daga masu sauƙi zuwa masu zurfi.

Me ake nufi da kaurin baƙin mai, kuma me ya sa ake damuwa da shi?

Kauri shi ne yadda mai yake jan jiki wajen gudana. Duk wanda ya taɓa tsayawa a wurin juye ya ga abin da idonsa: man da aka kwance daga inji mai zafi yana zubowa shar kamar ruwa, alhali sabon da ake tsiyayowa daga jarka yana sauka a hankali, yana jan zare a bakin mazurari. Mai ɗaya ne ke iya nuna halayen biyu, domin zafi yana tsinka shi, sanyi kuma yana ƙara masa kauri.

A cikin inji, ƙarafan da ke juyawa ba su kamata su taɓa juna ba. Tsakanin karanshaf da metal ɗin da yake juyawa a ciki akwai wata 'yar shimfiɗar mai wadda ba ta kai kaurin silin gashi ba, kuma ita ce ke ɗauke da nauyin duk bugun da fistin yake yi. Idan man ya tsinke fiye da kima, shimfiɗar takan yage, ƙarfe ya ci ƙarfe. Idan kuma ya yi kauri fiye da kima, yakan yi jinkirin isa saman inji da safe, ya ƙara wa fanfon mai aiki, ya ƙara shan fetur, sannan ya rage saurin kwashe zafi daga wuraren da suke buƙatar a sanyaya su.

Mene ne ma'anar lambobin da ke jikin jarka, kamar 5W-30 ko 0W-20?

Lambobin sun fito ne daga wata ƙa'ida mai suna SAE J300, ta ƙungiyar injiniyoyin motoci ta SAE da ke Amurka, kuma kusan duk duniya da ita ake aiki. Lambar farko mai harafin W tana nuna halin man a cikin sanyi. Harafin shi ne farkon kalmar hunturu a Turance. Mai mai lamba 0W sai ya ci gwajin tayar da inji a digiri 35 ƙasa da sifili a ma'aunin Salshiyas, 5W a digiri 30 ƙasa da sifili, 10W a 25, 15W a 20, 20W kuma a 15 ƙasa da sifili.

Lamba ta biyu tana nuna kaurinsa a digiri 100, wato kusan zafin da mai yake aiki a cikinsa idan inji ya gama ɗumama. Ana auna wannan da ma'aunin santistok, wanda ake rubutawa cSt, kuma ruwan sha a zafin ɗaki yana da kusan santistok 1. Mai mai lamba 20 yana tsakanin 6.9 zuwa ƙasa da 9.3, mai 30 daga 9.3 zuwa ƙasa da 12.5, mai 40 daga 12.5 zuwa ƙasa da 16.3, mai 50 kuma daga 16.3 zuwa ƙasa da 21.9. Kowace lamba ke nan zango ce, ba awo guda ba, shi ya sa man 30 na wani kamfani zai iya kusantar 20, na wani kuma ya kusanci 40. A shekarar 2013 aka ƙara lamba 16 a cikin ƙa'idar, a 2015 kuma aka ƙara 12 da 8.

An ce 0W-20 kusan ruwa ne. Sifilin ba yana nufin ba shi da kauri ba?

A'a. Sifilin yana magana ne a kan tsananin sanyi kawai. Idan inji ya ɗumama, 0W-20 da 5W-20 zango ɗaya suke, haka ma 0W-40 da 10W-40. Abin da mutane da yawa ba su lura da shi ba shi ne, kowane baƙin mai, kome ƙanƙantar lambarsa, ya fi kauri nesa ba kusa ba a lokacin da aka tayar da inji fiye da yadda injin yake so. Man 0W-20 da ke da kusan santistok 8 a digiri 100 yana kaiwa wajen 45 a digiri 40, wato ya ninka fiye da sau biyar. Ƙaramar lambar W tana rage wannan wuce gona da irin ne kawai, don man ya yi saurin kai wa ko'ina a daƙiƙoƙin farko, lokacin da inji ya fi cin kansa.

Girgiza jarka a ji ƙarar man, ko murza shi tsakanin yatsu biyu, ba ya gaya wa mutum komai game da yadda zai kasance a cikin metal mai zafi.

A ina zan ga kaurin da motata take buƙata?

A littafin jagorar da ya zo da motar, a sashen kula da inji ko shafin da ya lissafa mayuka da yawansu. Motoci da yawa kuma an rubuta lambar a kan murfin da ake zuba mai. Idan littafin ya ɓata, yawancin kamfanoni suna ajiye kwafinsa a shafinsu na intanet, sai dai a tabbata an nemo na shekarar motar, na irin injinta, kuma na ƙasar da aka ƙera ta domin ita.

A karanta kalmomin da kyau. Wani littafin lamba ɗaya tak yake bayarwa ya ce ita ce wajibi. Wani yakan ce ga wadda aka fi so, sannan ya kawo jadawalin yanayin zafi da ke nuna wasu lambobin da aka yarda da su. Duk lambar da ke cikin jadawalin, a iyakar zafin da aka zana mata, halal ce ga garanti. Wadda ba ta ciki kuwa, mai mota ya zaɓa ne don kansa, kuma abin da hakan zai iya jawowa yana cikin amsar tambayar da ta shafi lalacewar garanti.

Idan lambar kauri ta yi daidai, shi ke nan kowane mai zai yi?

Wannan shi ne kuskuren da ya fi yawa, kuma a ganina ya fi zaɓen lambar da ba daidai ba haɗari, domin mai yin sa yana zaton ya bi ƙa'ida. Baya ga lambar kauri, littafin yana ambaton matakin ingancin man. A motocin Amurka da na Asiya yawanci za a ga matakin API, wato cibiyar man fetur ta Amurka, kamar SN na 2010 ko SP na 2020, tare da na ILSAC, wato kwamitin kamfanonin motoci na Amurka da Japan, kamar GF-6A, ko GF-6B wanda aka keɓe wa 0W-16. A 2025 an fito da SQ da GF-7. A motocin Turai za a ga matakin ACEA, wato ƙungiyar masu ƙera motoci ta Turai, kamar A3/B4, ko C2, C3 da C5. Wasu kamfanonin kuma suna da nasu sharaɗin: dexos1 na General Motors, 504 00 da 507 00 ko 508 00 da 509 00 na Volkswagen, 229.5 da 229.51 na Mercedes-Benz, da Longlife-04 na BMW.

Dalilin da ya sa wannan yake da muhimmanci ko ta fuskar kaurin kansa shi ne wani awo na uku da ba a cika rubutawa a gaban jarka ba, wanda ake kira HTHS. Shi ne kaurin man a digiri 150 yayin da ake murƙushe shi da ƙarfi, kamar yadda yake faruwa a cikin metal. Man 20 sai ya kai aƙalla 2.6 a wannan awo, man 30 kuma aƙalla 2.9. To amma matakin C3 yana buƙatar 3.5 zuwa sama. Saboda haka jarka biyu za su iya ɗauke da 5W-30, ɗaya tana wajen 3.0 ɗaya tana 3.5, kuma injin da aka ƙera domin ta biyun ba zai samu abin da yake buƙata daga ta farkon ba.

Matakan kuma suna gwada abubuwan da ba su shafi kauri ba. SP, alal misali, ya ƙunshi gwajin cin sarƙar taimin, da gwajin wata matsala ta ƙananan injuna masu turbo da ke fesa fetur kai tsaye cikin silinda, inda wuta take kamawa kafin lokacinta a ƙaramin gudu, abin da ke iya fasa fistin. A duba kuma yadda aka rubuta sharaɗin a bayan jarka: akwai bambanci tsakanin man da kamfanin mota ya amince da shi a hukumance da wanda mai sayarwa kawai ya ce ya dace.

Dole ne sai man da ake kira sintetik, wato wanda aka harhaɗa ta hanyar kimiyya?

Idan littafin ya ce dole, to dole ne. Idan bai ce ba, matakin ingancin da lambar kaurin su ne abin bi. A aikace dai mai irin 0W-20 ko 0W-16 da wuya a iya haɗa shi ba tare da tushen mai na sintetik ba, don haka tambayar takan warware kanta a sababbin motoci.

Idan na zuba man da ya fi na littafin kauri, garantin motata ya lalace ke nan?

Ba yadda ake tsoratar da mutane ba, amma kuma ba abin wasa ba ne. Garanti alkawari ne cewa kamfani zai gyara abin da ya lalace saboda aibin ƙira ko na kayan haɗi, bisa sharaɗin cewa an kula da motar yadda ya tsara. Zuba man da ba shi ba ba ya shafe garantin motar baki ɗaya. Idan injin ɗaga gilashi ya mutu ko allon gaban mota ya ɗauke, babu ruwan wannan da baƙin mai. Inda matsalar take ita ce ranar da injin kansa ya samu lahani a wani sashe da mai yake shafa, kamar metal, ko turbo, ko sarƙar taimin, ko na'urar sauya lokacin buɗe bawul. A ranar kamfani zai nemi tarihin juye, kuma idan ya ga an yi ta zuba abin da littafin bai yarda da shi ba, ya samu hujjar ƙin biya.

Wanda nauyin kawo hujja yake kansa ya danganta da dokar ƙasa da kuma takardar garantin. A Amurka, matsayin hukumar kare masu saye ta tarayya shi ne sai kamfani ya nuna cewa abin da mai mota ya yi shi ne ya jawo lalacewar kafin ya ƙi gyarawa. Amma ko a inda doka take bayan mai mota, jayayya da kamfani tana cin watanni, motar kuma tana ajiye babu inji. Shi ya sa hukuncina a nan bai da rikitarwa: muddin kamfani ne ya ɗauki alkawarin biyan kuɗin inji, hikima ita ce a bar shi ya zaɓi man, kada a miƙa masa da hannu abin da zai fake da shi.

Wajibi ne in yi juye a garejin dila, da man da ke ɗauke da sunan kamfanin motar?

Ya danganta da inda aka sayi motar. A Amurka dokar garanti ta Magnuson-Moss ta 1975 ta hana kamfani ɗaure garanti da sayen wani kaya mai suna kaza, sai dai idan kyauta yake bayar da shi. A Tarayyar Turai ma ƙa'idojin gasa na harkar motoci, waɗanda aka sabunta a 2010, sun ba mai mota damar yin sabis a gareji mai zaman kansa ba tare da ya rasa garantinsa ba, in dai an bi tsarin kamfanin. A wasu ƙasashen kuwa takardar garantin tana iya sharɗanta sabis a wurin wakilin kamfani, kuma babu dokar da ta hana. A karanta takardar kafin juyen farko. Ko a inda aka ba da 'yanci, 'yancin na zaɓen suna ne da wurin aiki, bai shafi lambar kauri da matakin inganci ba.

Ina zaune a wuri mai tsananin zafi. Bai kamata in ƙara kauri ba?

Tunanin yana da tushe, amma ya fi dacewa da tsofaffin injuna. Injin zamani yana riƙe zafin ruwansa a kusan digiri 90 zuwa 100 ko a wane yanayi, ta hanyar na'urar daidaita zafi da lagireto da fanka, kuma da yawansu suna da abin sanyaya mai wanda ke haɗe da ruwan. Ranar da zafin gari ya kai digiri 42, man zai ɗan fi zafi, amma ba da irin tazarar da ke tsakanin wannan ranar da ranar sanyi ba. Kamfanonin kuma suna gwada injunansu a hamada kafin su rubuta lambar.

Abin yi shi ne a koma ga jadawalin littafin. Idan ya ba da izinin 5W-30 ko 5W-40 ga wuraren zafi, zaɓen su daidai ne, kuma ni ma shi zan ba da shawara ga motar da take yini a cunkoso da na'urar sanyaya ɗaki a kunne. Idan bai ba da izini ba, hanyar kare inji daga zafi ita ce rage tazarar juye, da tabbatar da cewa lagireto a wanke yake kuma fanka tana aiki. Cire na'urar daidaita zafi, wanda wasu ke yi da sunan taimakon inji, yana hana mai kai zafin da zai ƙone danshi da fetur ɗin da suka shiga cikinsa, kuma shi kansa dalili ne na ƙin biyan garanti.

Me ya sa inji iri ɗaya ake rubuta masa 0W-20 a wata ƙasa, a wata kuma a yarda da 5W-30? Ba wannan ya nuna siririn mai don tattalin fetur kawai aka kawo shi ba?

Akwai gaskiya a cikin wannan zargi, kuma ɓoye ta ba zai amfani kowa ba. Siririn mai yana rage gogayya a cikin inji, don haka yana rage shan fetur da ɗan kaɗan. Ga mutum ɗaya ragin ba ya da yawa, amma ga kamfanin da ke sayar da miliyoyin motoci a ƙarƙashin dokokin tattalin mai, irin waɗanda Amurka ta kafa tun 1975, ko dokokin hayaƙi na Turai da Japan, babban abu ne. Kuma man da aka yi gwajin hukuma da shi, shi ake sa ran kamfani zai umarci masu saye su zuba. A ƙasashen da babu irin wannan matsi, ko inda samun siririn mai yake da wuya, littafin yakan fi sassauci.

Sai dai wannan bai nuna cewa siririn man yana cutar da injin ba. Injunan da aka ƙera domin sa an gyara musu santsin ƙarafa, da faɗin metal, da irin fanfon mai, har su dace da shi. Abin da bambancin littattafan ya nuna kawai shi ne injin yana iya jure fiye da lamba ɗaya. Ta fuskar garanti kuwa, littafin wata ƙasa ba hujja ba ce a wata. Wanda ya zo da motarka shi ne za a buɗe ranar jayayya.

Wace illa takamaimai mai mai kauri zai iya yi wa sabon inji?

A yawancin injunan yau baƙin mai ba shafawa kaɗai yake yi ba. Shi ne ke tura na'urar da ke sauya lokacin buɗewa da rufewar bawul, ta cikin ƙananan ramuka masu 'yar raga. Shi ne ke ɗaure sarƙar taimin, shi ake fesawa a ƙarƙashin fistin don sanyaya shi, kuma a wasu injunan shi ke kashe wasu silindoji idan ba a buƙatar ƙarfi. Kwamfutar motar tana lissafa saurin waɗannan ayyuka ne bisa kaurin da aka tsara mata. Idan man ya yi nauyi, musamman da inji bai ɗumama ba, na'urar bawul takan yi jinkirin amsawa har fitilar gargaɗi ta kama. Motoci masu haɗa fetur da lantarki sun fi shiga wannan hali, domin injinsu yana mutuwa yana tashi sau da yawa a tafiya guda, kuma sau da yawa ba ya yin zafi sosai.

Girman tsallen shi ne ma'auni. Daga 0W-20 zuwa 0W-30 ko 5W-30 taki ɗaya ne, kuma da wuya ya lalata inji lafiyayye, ko da yake yana iya saɓa wa takardar garanti. Daga 0W-20 zuwa 20W-50 kuwa an ninka kaurin kusan sau biyu a zafi, a sanyi kuma fiye da haka nesa. Hauhawar gejin matsin mai bayan irin wannan canji ba alamar ƙarin kariya ba ce. Yana nuna man yana shan wuyar wucewa ne.

Ina kan tafiya, mai ya ragu, ban samu irin nawa ba. Me zan yi?

A zuba mafi kusa da shi da aka samu, a ci gaba da tafiya. Inji mai ƙarancin mai ya fi inji mai gaurayen mai shiga haɗari nesa ba kusa ba, kuma mayukan da ke ɗauke da matakin API ana gwada su don su iya gauraya da juna. Littattafai da yawa sun yi tanadin wannan. Littattafan Toyota na injunan da ke shan 0W-16, alal misali, suna ba da izinin 0W-20 idan ba a samu ba, da sharaɗin a koma 0W-16 a juye na gaba. A ajiye rasiɗin, a rubuta kilomitar da aka yi ƙarin.

Ina jan tirela, ko ɗaukar kaya masu nauyi, ko yawan gajerun tafiye-tafiye. Wannan ya canza lissafin?

Yakan canza lokacin juye fiye da yadda yake canza lambar. Kusan kowane littafi yana da jadawali na biyu domin aiki mai tsanani: jan kaya, ƙura, tsayuwa da inji a kunne, da tafiyar da ba ta isa inji ya ɗumama ba. A irin wannan tafiyar fetur yana sulalewa ta gefen ringi ya gauraya da mai ya tsinka shi, ta yadda man da aka zuba yana 20 zai iya komawa ƙasa da haka kafin lokacin juye. Maganin wannan sabon mai ne da wuri. Wasu littattafan, musamman na motocin tsere da na jan kaya, suna faɗin lambar da ta fi kauri domin irin wannan aiki, kuma idan sun faɗa, bin ta yana cikin garanti.

Sabuwar motata tana shan mai. In ƙara kauri don ta daina?

Kada a yi haka. Mai mai kauri yana iya rage shan da ɗan kaɗan, amma abin da yake yi shi ne rufe alamar wata matsala da wataƙila haƙƙin kamfani ne ya gyara. A kai motar wurin wakilin kamfani a sa su rubuta ƙorafin a takarda mai kwanan wata. Yawanci za su yi gwajin shan mai: su cika shi daidai, su rubuta kilomita, wani lokaci su liƙe murfin da sandar awo, sannan a dawo bayan tazarar da suka faɗa a auna abin da ya ragu. Kowane kamfani yana da iyakar shan da yake ɗauka a matsayin al'ada, kuma tana cikin littafin ko takardunsu. Wanda ya canza kauri kafin gwajin ya ɓata sakamakon, ya kuma ba su dalilin da aka ambata a amsar lalacewar garanti.

Haka hukuncin yake ga sinadaran gwangwani da ake zubawa don ƙara wa mai kauri ko hana hayaƙi. Suna fitar da man daga zangonsa, suna dagula haɗin sinadaran da ke cikinsa, kuma littattafai da yawa sun hana su ƙarara.

Yaya kamfani zai san abin da na zuba, kuma wace shaida ya kamata in ajiye?

Hanya ta farko takardu ne, ta biyu kuma ɗakin gwaji. Idan inji ya buga ana iya ɗibar man a auna kaurinsa a digiri 100 da sinadaran da ke cikinsa. Bambance 20 mai kauri da 30 maras kauri a man da ya yi aiki ba koyaushe yake da sauƙi ba, tunda amfani yana sauya kaurin, amma 50 a wurin 20 ba ya ɓuya. Da an buɗe murfin saman inji kuma, daskararren datti yana tona asirin wanda ya yi sakaci da juye.

A ajiye rasiɗin kowane juye mai ɗauke da kwanan wata, da kilomita, da lambar motar, da cikakken sunan man, da lambar kaurinsa, da matakin ingancinsa, da lambar filtar da aka sa. Rasiɗin da aka rubuta wa “juyen mai” kawai bai isa ba. A nemi a cike sauran kafin a bar wurin. Wanda yake yin juye da kansa ya ɗauki hoton bayan jarkar da na allon kilomita a rana ɗaya. Takardar nan da ake ninkewa a jefa a aljihun gaban mota tana dusashewa cikin 'yan watanni idan irin wadda ake buga rubutunta da zafi ce, don haka a ɗauki hotonta tun tana karantuwa.

Garejin dila ne da kansa ya zuba lambar da ba ta cikin littafina. Ina matsayina?

A tambaye su dalili, kuma a nemi amsar a rubuce. Wani lokaci suna da hujja, domin kamfani yakan aika wa wakilansa sanarwar da ta sauya abin da ke cikin littafin. A 2025, lokacin da General Motors ya nemi a dawo masa da motoci masu injin V8 mai lita 6.2 don a duba su, injunan da suka ci gwajin dubawa an sauya musu mai daga 0W-20 zuwa 0W-40, har da sabon murfi mai ɗauke da sabuwar lambar. A irin wannan hali sanarwar ita ce abin bi. Wani lokacin kuwa babu wani dalili illa man da ke cikin durom ɗin garejin ke nan. Idan ba su iya nuna sanarwa ba, a nemi su juye su zuba na daidai, kuma a riƙe takardar aikin farko, domin ita ce shaidar cewa kuskuren ba daga mai mota ya fito ba.

Motata ta dizal ce. Akwai wani abu na daban?

Akwai. Sababbin motocin dizal suna da matatar toka a bututun hayaƙi, kuma man da ke da yawan toka yana toshe ta a hankali. Shi ya sa littafinsu yake neman matakin ACEA mai harafin C ko sharaɗin kamfani makamancinsa, kuma 5W-30 ko 15W-40 da ba shi da wannan matakin bai wadatar ba ko da kaurin ya yi daidai. A manyan injuna kuma, tun Disambar 2016 akwai matakai biyu na API, CK-4 da FA-4. Na biyun ya fi siranta a awon HTHS, kuma ba a zuba shi sai a injin da kamfaninsa ya ambace shi da suna.

Idan garantin ya ƙare, zan iya canzawa?

Da farko a tabbata ya ƙare ɗin. Mota takan zo da garanti fiye da ɗaya, kuma na inji da giya yakan fi na sauran jiki tsawo. A Amurka kamfanoni da yawa suna ba da shekara 3 ko mil 36,000 ga motar baki ɗaya, amma shekara 5 ko mil 60,000 ga inji da giya, Hyundai da Kia kuma suna kai shekara 10 ko mil 100,000 ga wanda ya fara saye. Ƙarin garantin da ake saya daban shi ma yana da nasa sharuɗɗan kula da mota, kuma wani lokaci kamfani yakan tsawaita garantin wani sashe da aka gano yana da aibi.

Bayan duk waɗannan sun wuce, zaɓi ya koma hannun mai mota. Injin da ke aiki lafiya, ba ya shan mai, ba ya ƙara, ba shi da buƙatar canji. Wanda ya tsufa ya fara shan mai, ko matsinsa yana faɗuwa idan ya yi zafi yana tsaye, ana iya ɗaga masa lamba ta biyu da taki ɗaya, a bar ta W yadda take, a riƙe matakin ingancin da littafin ya nema, sannan a riƙa duba sandar awo kowane mako a ga ko canjin ya yi wani tasiri.